Kwalliyar ido mai lulluɓin fata: Yadda ake yin ta da haɗarin dalmar da ke cikin kwalli

Akwai wani ƙorafi da masu sana'ar kwalliyar amare suka saba ji, a Zungeru ne ko a Minna ko a Kano. An ɗauki lokaci ana gyara wa mace ido, launuka sun zauna, gazal ya fita siriri, amma da zarar ta buɗe idonta sai a nemi aikin a rasa. Kafin a kai ga wurin kamu kuma, baƙin ya koma saman fatar ido ya yi dabbare-dabbare. Akan ɗora laifin a kan zafin gari ko arahar kayan kwalliya. Sau da yawa kuwa dalilin yana ga halittar idon ne.

Wasu mutane suna da fatar da ke saukowa daga ƙarƙashin gira ta lulluɓe saman ido, ta yadda idan ido yana buɗe ba a ganin filin da aka saba shafa wa launi. Irin wannan ido yana da tasa hanyar kwalliya. Wurin da ya fi fitowa a cikinsa shi ne gindin gashin ido, wato daidai inda kakanni suka saba zizara kwalli. Wurin ne kuma ya fi kusa da ƙwayar ido da hawaye, don haka duk abin da aka sa a nan yana iya shiga jiki. Saboda haka batun ya shafi ado, ya kuma shafi lafiya, musamman a Jihar Neja, wadda ta taɓa rasa yara sakamakon gubar dalma.

Wane irin ido ne wannan?

Fatar ido ita ce fata mafi siranta a jikin ɗan Adam, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. A ƙarƙashinta akwai wata tsoka da ke ɗaga ta sama duk lokacin da aka buɗe ido. A inda zaruruwan wannan tsoka suka kama fata ne ake samun layin nan da ke naɗewa a saman ido. Ga mutane da yawa, tsakanin wannan layi da gashin ido akwai ɗan fili da ake gani ko da ido yana buɗe. Ga mai lulluɓin fata kuwa, fatar da ke sama da layin ta fi yawa ko ta fi nauyi, sai ta faɗo ta rufe layin da filin baki ɗaya, wani lokaci har ta kusa taɓa gashin ido, musamman ta gefen da ke wajen kunne.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Mace ta tsaya gaban madubi, ta dubi gabanta kai tsaye, ba tare da ɗage gira ko sunkuyar da kai ba. Idan ba ta ga layin naɗin ba, ko ta ga kaɗan daga cikinsa ta wajen hanci kawai, to idonta yana cikin wannan rukuni. Ana samun wadda ido ɗaya ya fi ɗaya rufuwa, kuma wannan ba abin damuwa ba ne.

Abubuwa biyu ne suka fi kawo shi. Na farko gado: yadda ƙashin gira ya turo da yawan kitsen da ke ƙarƙashin fata, abin da ake gani a fuskar uwa da 'ya tun ƙuruciya. Na biyu shekaru: fata tana saki yayin da mutum ke manyanta, gira kuma tana ɗan sauka, sai macen da a da take da fili a saman ido ta wayi gari ta ga ya ragu bayan ta haura arba'in. Ba aibi ba ne a fuska. Hasali ma Hausawa sun daɗe suna yabon lumsassun idanu, kuma da yawa daga idanun da ake yi wa wannan yabo irin wannan halitta ce da su.

Halitta ce ko ciwo?

Kafin a kai ga burushi, akwai bambancin da ya kamata kowa ya sani. A ido mai lulluɓin fata, bakin fatar ido, inda gashi ya tsiro, yana nan a mazauninsa, fatar sama ce kawai ta rufo. Akwai kuma wani yanayi na daban da likitocin ido ke kira faɗuwar fatar ido, inda bakin fatar da kansa yake sauka ya fara rufe baƙin ido saboda tsokar da ke ɗaga shi ta yi rauni ko jijiyar da ke ba ta umarni ta samu matsala.

Idan fatar ido ta faɗo kwatsam cikin sa'o'i ko kwanaki, musamman a ido ɗaya, tare da ganin abu biyu-biyu, ko matsanancin ciwon kai, ko karkacewar baki, ko raunin hannu da ƙafa, to asibiti za a nufa nan take. Irin waɗannan alamu kan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, ko illar ciwon sukari ga jijiyoyi, ko wata matsala a jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Idan kuma faɗuwar tana ƙaruwa da yamma ko bayan gajiya, tana iya zama alamar cutar raunin tsoka. Yaron da aka haifa da fatar ido a faɗe ma yana buƙatar ganin likita da wuri, domin idon da aka rufe a ƙuruciya yana iya tashi da raunin gani na dindindin.

Haka nan dattijuwar da fatar ta sauko har tana tare mata gani ta sama ko ta gefe, ko take yini tana ɗage gira har goshinta ya gaji, akwai ƙaramin aikin tiyata da ake yi a rage fatar. Mazauna Zungeru na iya farawa da sashen ido na Babban Asibitin Minna ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, kuma akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna ga abin da ya fi ƙarfin waɗannan.

Ƙa'ida ta farko: A zana da ido a buɗe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwaikwayon abin da ake gani a bidiyon TikTok da Instagram ba tare da duba siffar idon mai koyarwar ba. Yawancin darussan sukan ce a rufe ido, a sa launi mai duhu a cikin layin naɗi, a sa mai haske a filin da ke ƙasa da shi. Ga mai lulluɓin fata, waɗannan wurare biyu ne daidai suke ɓuya idan ta buɗe ido.

Don haka ƙa'idar ita ce a tsara komai da ido a buɗe, ana kallon madubi kai tsaye, madubin kuma ya kasance daidai tsayin fuska. Kada a ɗage gira, kada a ja gefen ido da yatsa domin a miƙar da fata, saboda da an saki fatar za ta koma yadda take, layin da aka ja kuma ya karye. Mai yi wa wata kwalliya ta zaunar da ita suna fuskantar juna, ta riƙa cewa ta buɗe ido bayan kowane mataki. Abin da aka gani da ido a buɗe shi ne abin da jama'a za su gani a wurin biki.

Mataki-mataki

Shiri. A wanke fuska, a tsane fatar ido sosai. Kada a shafa mata mai ko basilin, domin maiƙo ne babban abin da ke narkar da kwalliya. Mutum yana ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a cikin minti ɗaya, kuma a ido mai lulluɓi kowace ƙiftawa fata ce ke gogar fata. Shi ya sa ake fara shafa ɗan abin riƙe kwalliya, wanda masu sana'ar ke kira firaima, tun daga gindin gashin ido har zuwa ƙarƙashin gira, sannan a bi shi da hoda kaɗan. Wadda ba ta da shi tana iya amfani da konsila ɗan ƙanƙani ta danne da hoda. Idan aka cika shi zai taru a cikin naɗin fata.

Launi. Hodar fatar ido marar ƙyalli ita ce ta fi dacewa da wurin da ya rufo, saboda ƙyalli yana ƙara fito da duk abin da ya taso, yana sa fatar ta zama kamar ta kumbura. A ɗauki launin da ya ɗan fi fatar mace duhu, kamar ruwan ƙasa mai duhu ko ruwan goro, a shafa shi sama da layin naɗi na ainihi, a kan fatar da ta rufo, inda za a gan shi da ido a buɗe. Wannan yana haifar da inuwa da ke sa wurin ya zama kamar ya ɗan shige ciki. A riƙa murza shi da burushi mai laushi zuwa sama da kuma gefe, ta fuskar ƙarshen gira. Kada launin ya gangaro ƙasa da kusurwar ido ta waje, domin hakan yana sa ido ya zama kamar na mai jin barci ko baƙin ciki. A kuma bar ɗan fili tsakanin launin da gira.

Mai son ƙyalli ta taƙaita shi a tsakiyar fatar ido, daf da gashi, da kuma kusurwar da ke wajen hanci. A fata mai duhu, ruwan zinare da ruwan tagulla sun fi farin azurfa zama, wanda kan fito kamar toka a hoto.

Gazal. Nan ne aka fi samun matsala. Layi mai kauri yana cinye ɗan filin da ya rage, ya sa ido ya ƙanƙance, sannan ya buga hatiminsa a fatar sama. Abin da ya dace shi ne layi siriri ƙwarai, wanda ake cusawa a tsakanin gindin gashin ido na sama, ana ɗiga shi kaɗan-kaɗan har ya haɗe. Ya fara da siranta ta wajen hanci, ya ɗan ƙara kauri a kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe. Idan gazal mai ruwa ne, mace ta ci gaba da kallon ƙasa na kusan rabin minti har ya bushe kafin ta buɗe ido gaba ɗaya.

Jelar da ake ja a gefen ido ita ma da ido a buɗe ake zana ta. A bi layin gashin ido na ƙasa kamar za a ci gaba da shi zuwa sama, a sa ɗigo a inda ake son jelar ta tsaya, a ja layin ta kan naɗin fatar yadda zai miƙe idan ana kallon gaba. Idan aka rufe ido za a ga ɗan gurbi ko lanƙwasa a inda naɗin yake, sai a cike shi. Gajeriyar jela ta fi doguwa sauƙin zama.

Ƙasan ido. Baƙi mai yawa a ƙasa yana janyo ido ƙasa. Ya isa a shafa launi kaɗan a kashi ɗaya cikin uku na waje, a haɗa shi da na sama.

Gashin ido. Lanƙwasa gashin zuwa sama kafin a sa maskara yana buɗe ido fiye da kowane launi. A fi ba gindin gashi da tsakiyarsa ƙarfi, a zaɓi maskarar da ba ta narkewa da gumi, tun da gashin yana taɓa fatar sama. Gashin ido na kanti mai tsawo da nauyi yana ƙara rufe ido, har ya riƙa gogar gira. Wadda za ta sa ta nemi marar nauyi wanda ya fi tsawo a tsakiya. Kada a kuskura a manna shi da gam ɗin da ake manna gashin kai, balle gam mai kama ƙarfe da roba. Irin waɗannan suna ƙona fata, suna tsige gashin ido na halitta, kuma ɗigo ɗaya a ƙwayar ido na iya jawo rauni.

Gira. Gira mai kauri da aka zana ta sauko ƙasa tana ƙara matse wurin. A tsabtace ƙasanta, a ja jagira ta bi saman girar, a bar jelarta ta miƙe maimakon ta lanƙwaso zuwa gefen ido.

Zafi, gumi da ƙura

Zungeru, a ƙaramar hukumar Wushishi, tana bakin Kogin Kaduna, kimanin kilomita 60 daga Minna, kuma gari ne da aka san shi da zafi. A watannin Maris da Afrilu gumi kaɗai ya isa ya rusa aikin awa guda, da damina kuma iska tana ɗauke da laima. A irin wannan yanayi, shafi kaɗan-kaɗan da ake dannewa da hoda ya fi shafi mai kauri daɗewa. Idan gumi ya taso a danna shi da tishu a hankali, kada a goge. Da hunturu kuwa ƙura da bushewar iska suna sa ido ƙaiƙayi da hawaye, hannu ya yi ta kaiwa ido, don haka rage kayan da ake sawa shi ne mafita.

Macen da ke alwala sau da yawa a yini ta fi kowa sanin cewa kwalliya mai hawa-hawa ba ta yau da kullum ba ce. Wannan na cikin dalilan da suka sa kwalli, wanda ake zizarawa cikin daƙiƙa kaɗan, bai taɓa barin gaban madubin matan Arewa ba.

Inda tsohuwar dabara ta dace

Idan aka lura, shawarar da masu kwalliyar zamani ke ba mai lulluɓin fata, wato ta bar saman ido ta mai da hankali ga gindin gashi, ita ce abin da mata suka daɗe suna yi da tsinken kwalli da tandu. Kwalli ba ya neman fili a saman ido. Yana zama ne a bakin fatar, ya ƙara wa farin ido haske, kuma ana ganinsa ko yaya fatar sama ta rufo.

Al'adar ta daɗe, ta kuma game ƙasa. Mutanen tsohuwar Masar sun yi amfani da kwalli shekaru dubbai da suka wuce. A Zungeru, wadda ta kasance hedikwatar mulkin Arewacin Najeriya daga 1902 zuwa 1916, aikin gwamnati da layin dogo sun tara al'ummomi daga sassa daban-daban, har a nan aka haifi Dakta Nnamdi Azikiwe a 1904. Kowace al'umma ta zo da sunan da take kiran abu ɗaya: Hausawa su ce kwalli ko tozali, Yarbawa su ce tiro, Ibo su ce otanjele. Maza ma suna sawa, musamman ranar Juma'a da ranakun Sallah, kuma ana sa wa jarirai tun suna kwanaki a duniya, bisa imanin cewa yana wanke ido yana ƙara gani.

Ga Musulmi akwai kuma hadisan da suka yabi kwallin ismid. Masana ma'adinai sun bayyana cewa ismid na asali dutse ne na wani ƙarfe da ake kira antimoni. Matsalar ita ce dutsen antimoni da dutsen dalma sun yi kama ƙwarai a ido: dukansu baƙaƙe ne masu ƙyalli kamar azurfa, dukansu suna dakuwa su zama gari mai laushi. Dutsen dalmar, wanda ake kira galena, shi ya fi yawa ya kuma fi araha, kuma ana haƙo shi a Najeriya, a yankin Abakaliki na Jihar Ebonyi, da Zurak a Jihar Filato, da Arufu a Jihar Taraba. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama sun nuna cewa kwallin dutse da yawa da ke kasuwa galena ne, ko da an sayar da shi da sunan ismid ko an kawo shi tsaraba daga ƙasar waje.

Abin da gwaji ya nuna

A watan Agusta na 2012, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa rahoto a kan wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya, da aka gwada a birnin Boston a 2011. An samu dalma a jininsa da ta kai maikirogiram 13 a kowace desilita, fiye da ninki biyu na mizanin 5 da cibiyar ta sa a 2012. Da aka bincika gidan, sai aka gano kwallin da aka kawo daga Najeriya ake sa masa a ido. Gwaji ya nuna kashi 82.6 cikin 100 na garin kwallin dalma ce. A 2021 cibiyar ta sake rage mizanin zuwa 3.5. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da kwalli a matsayin kayan kwalliya ba, kuma ta hana shigar da shi ƙasar.

Ta yaya abin da aka sa a ido yake kaiwa jini? Hanya ta farko hannu ce. Yaro yana murza ido ya kai yatsa baki, uwa ma tana taɓa kwalli ta taɓa abinci ko nono. Hanya ta biyu ita ce 'yar ƙaramar kafar da ke kusurwar ido ta wajen hanci, wadda hawaye ke bi su sauka cikin hanci da maƙogwaro, a haɗiye su tare da abin da suka ɗauko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba shi da illa. Ta kuma ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke girma, ta rage kaifin fahimta da iya karatu, ta kawo ƙarancin jini, kuma ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Tana taruwa a ƙashi da haƙora shekara da shekaru, sannan idan mace ta samu juna biyu ta sake fitowa cikin jini ta kai ga ɗan tayi. Galibi ba a ganin wata alama a farko. Yaro yana wasa yana cin abinci, sai ya shiga makaranta a ga yana baya.

Darasin Rafi

Jihar Neja ba baƙuwa ba ce ga wannan guba. A watan Mayun 2015, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sanar da mutuwar yara 28 cikin mutum 65 da suka kamu da gubar dalma a ƙaramar hukumar Rafi, maƙwabciyar Wushishi, a ƙauyukan da suka haɗa da Shikira. Shekaru biyar kafin nan, a 2010, irin wannan annoba ta hallaka yara aƙalla 400 a Jihar Zamfara. A wuraren biyu, dalmar ta fito ne daga dutsen zinare da ake dakawa a cikin gidaje, ƙurarsa ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Kwalli ba shi ne ya jawo waɗannan mace-mace ba, kuma adadin da ke shiga jiki ta hanyarsa bai kai na ƙurar ma'adinai ba. Amma gubar iri ɗaya ce, kuma tana taruwa ne daga kowace kafa: ƙura, tsohon fenti, batirin mota da ake fasawa, da abin da ake sawa a ido kullum. A yankin da ake haƙar zinare, yaron da ya riga ya ɗauki wani kaso daga ƙasa ba ya buƙatar ƙari daga tandun mahaifiyarsa.

Ko na kanti ma sai da lura

Barin kwallin dutse zuwa fensirin kanti ba ya nufin an tsira daga komai. A bakin kowace fatar ido akwai ƙananan kafofi, tsakanin 20 zuwa 40, da ke fitar da wani mai wanda ke hana hawaye saurin bushewa. Duk abin da aka shafa a cikin bakin fatar yana hawa kan waɗannan kafofi ne. Wani ƙaramin bincike da Dakta Alison Ng ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa idan aka sa gazal a cikin bakin fatar, ɓurɓushin da ke shiga hawaye cikin minti biyar yana ƙaruwa da kashi 15 zuwa 30 cikin 100, idan aka kwatanta da wanda aka sa a wajen layin gashi. Ga mai fama da bushewar ido ko mai sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, wannan na nufin ƙaiƙayi da ja da gani dishi-dishi. Shi ya sa ya fi kyau a tsaya a tsakanin gindin gashi, a bar jiƙaƙƙen wurin da ke ciki sai lokaci-lokaci.

Tsabta ma tana da nata matsayi. Tsinken kwalli ɗaya da ke zagaya gida, ko maskara ɗaya da mai kwalliya ta sa wa amarya da ƙawayenta goma, hanya ce ta yaɗa ciwon idon da ake kira afolo da sauran ƙwayoyin cuta. Likitocin ido suna ba da shawarar a jefar da maskara bayan wata uku da buɗe ta, kada a ƙara mata ruwa ko yawu idan ta bushe, kuma a zubar da duk kayan da aka yi amfani da su lokacin da ido ke ciwo. A fiƙe fensiri kafin a sa wa wata, a wanke burushi da sabulu a shanya. Kada a sa kwalliya a cikin mota ko a kan babur, domin gargada ɗaya ta isa tsinke ya karce ƙwayar ido. Da dare kuma a wanke komai kafin a kwanta, har cikin naɗin fatar inda saura ke maƙalewa.

Abin da iyali za su iya yi

Mataki mafi muhimmanci shi ne a daina sa wa jarirai da ƙananan yara kwalli kowane iri. Idon jariri ba ya buƙatar wani abu ya wanke shi, idan kuma yana kwantsa ko ja, asibiti ya kamata a kai shi. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su nisanci kwallin dutse da duk garin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Ba a iya gane dalma da ido, ko da ɗanɗano, ko da wurin da aka sayo kwallin. Gwajin ɗakin bincike ne kaɗai ke nuna ta.

Wajen sayen na kanti, a duba jerin sinadaran da ke jikin kwalin, da ranar lalacewa, da lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 kuma kayan kwalliya na cikin abin da doka ta ɗora mata kulawa da su. Kayan da ba su da suna ko adireshin kamfani, ko waɗanda aka ɗura a wani mazubi na daban, a bar su. Iyayen da suka daɗe suna sa wa yaro kwallin dutse, musamman a yankunan haƙar ma'adinai, su gaya wa ma'aikacin lafiya su nemi a gwada jininsa. A ajiye tandu inda hannun yara ba ya kaiwa, a kuma wanke hannu bayan an taɓa shi.

Masu sana'ar kwalliya, waɗanda yawansu ke ƙaruwa a garuruwa irin su Zungeru da Minna da Bida da Kontagora, suna da rawar takawa a nan, domin su ne mata ke tambaya kafin su tambayi likita. Mai kwalliyar da ta san siffar idon da ke gabanta za ta yi aikin da zai kai dare bai narke ba, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Idan kuma ta san abin da ke cikin kayan da take sawa, ta kare abokiyar cinikinta daga abin da Hausawa suka daɗe suna gargaɗi a kai, wato garin neman gira a rasa ido.